Hannun da Ya Fi na Bawa

Bawa ya kwance bulon na ƙarshe, wato ƙusa mai murɗi, ya janye murfin pon ɗin, ya haska ciki da tocila. Ya daɗe kwance ƙarƙashin motar bai motsa ba.

Shekara talatin ke nan yana gyaran mota a unguwar Harobanda. Duk Yamai an san cewa in pon ya lalace, wato akwatin ƙarfen nan da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun baya, wurin Bawa ake zuwa. Jar motar tseren Dokta Natanayel ce kaɗai ta ba shi kunya. Likitan mutumin Dogondutsi ne, mai son taka wuta da zarar ya bar gari. Sau biyu Bawa yana gyara masa pon, sau biyu haƙoran ƙarfen suna kakkaryewa a hanya. A karo na uku likita bai dawo ba. Sai labari Bawa ya ji, wai an kai motar wani ɗan garaji a unguwar Lamorde.

Ran Juma'ar nan da hantsi sai ga likita ya kawo ta canjin man inji. Gaban masu jiran gyara ya daki bayan motar yana murmushi.

"Malam Bawa, ka ji ko ƙis? An ƙarfafa ta ciki da waje. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin wannan ba."

"Wane ne mai hannun?"

"An roƙe ni kar in faɗa tukuna. An dai ce in lallaɓa ta cikin gari har ƙarafan su zauna."

Wani direban taksi ya yi dariya, ya ce ashe har Bawa yana da na gaba da shi. Likita na tafiya Bawa ya shiga ƙarƙashin motar, ya buɗe abin da ba a sa shi buɗewa ba.

Kuskure yake nema, ko da ɗan ƙanƙane, wanda zai nuna wa mutane. Bai samu ba. Haƙoran sun hau juna daidai, ba matsi ba sako-sako. An sa murfi mai kauri, an ɗaure akwatin da ƙarfe biyu don kada ya girgiza. Walda kuwa sumul, kamar ɗinkin keke. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wayar da aka ɗaure kawunan bulon da ita: murɗin hagu ne, sau uku, irin nasa. Ashe mutumin har salonsa ya sace, ya kuma fi shi iyawa.

Sai ya tuna ma'auninsa mai allura, wanda yake auna tazarar haƙora da shi. Watan jiya ya ɓace daga akwatin kayan aikinsa na gida, bayan mako guda kuma ya tsince shi a wurinsa. A lokacin mantuwa ya ɗora wa laifi. Yanzu kuwa ya tabbata akwai munafukin da ke kai wa abokin gabansa kaya.

Ya mayar da murfin, ya ɗaure tam. Man pon ɗin da ya tsiyaye yana nan cikin roba kusa da kansa. Ya dube shi, ya dubi mazurari. Sai ya zuba wa pon ɗin ɗan abin da bai kai kofin shayi ba, ya kifar da sauran a ramin baƙin mai.

Ya san abin da pon marar mai yake yi in ana gudu: yana zafi, ya cije, ƙafafun baya su ƙame, mota ta juya. Amma ai likita cikin gari zai lallaɓa, in ji Bawa a ransa. Kwana biyu ta fara kuka, a dawo da ita nan, shi kuma ya buɗe gaban kowa ya nuna musu aikin gwanin Lamorde.

Da la'asar likita ya ɗauki motarsa.

A gida Bawa ya kasa cin tuwo. 'Yarsa Hamsatu, wadda ke karatu a jami'a, ta kawo masa ruwa, yatsunta sun sha baƙin lalle kamar kullum. Ita ce abin alfaharinsa. Tun tana shekara goma sha biyar ya hana ta zaman garaji, ya ce boko za ta yi, ba za ta ƙare cikin dattin mai kamarsa ba.

"Baba, lafiya?"

"Gajiya ce."

Ta yi kamar za ta ce wani abu, sai ta yi murmushi ta shige ɗaki.

Ran Asabar ya fito garaji da sassafe, ya ɗauki wannan ya ajiye wancan. Sau biyu yana ciro salula zai kira likita ya ce a dawo da motar, sau biyu dariyar direban taksin tana dawo masa a kunne, ya mayar da ita aljihu. Wajen ƙarfe goma sai ga kiran likita da kansa. Bawa ya ɗauka, sai ya ji murya cike da fara'a.

"Malam Bawa, yau bakina ya buɗe! Ƙarafa sun zauna, an fita gwaji hanyar Doso, za a taka ta har ƙarshen allurar gudu."

"Kai ne a ciki, Dokta?"

"Ina! Mai aikin ta ce ba za ta bar kowa ya gwada ba sai ita. Tun rabin awa ta wuce shingen bakin gari. Ta ce in kira ka in ce ka shirya, da ta dawo garajinka za ta nufa, ta ga ko yau Babanta zai yarda Hamsatu ta gaje shi."