Ganyen da Cha'ibu Ya Hana

Shekara uku a jere gyaɗa ta yi wa Cha'ibu na Kanan-Bakashe kyau, har ya sayi keke, ya fara sayen gyaɗar wasu yana kaiwa Tasawa. Tun daga nan ya kafa doka a gidansa: ba a dafa ganye, ba a dafa busasshen kifi.

Kada mai karatu ya yi saurin zaginsa, yana da dalilinsa. Yana yaro aka yi wata yunwa, suka yi wata biyu ba abin da suke ci sai tafasa da ruwa. Ya rantse ɗansa ba zai ci haki kamar akuya ba. Kifi kuwa, in ji shi, naman matsiyata ne, warinsa ma zubar da girma ne idan baƙi suka zo. Sai ya sa aka sare zogalen da matarsa Zara'u ta shuka a bayan ɗaki. Ya cika gida da farar shinkafa da burodi da sukari. Nama idan an saya, nasa ne da baƙinsa.

'Yarsu Biba, mai shekara huɗu, ta yi ƙyanda bayan kaka. Ta tashi, amma a rame. Zara'u ta lura da zarar rana ta faɗi yarinyar sai ta riƙa lalube, tana tuntuɓe da turmi, tana kiran uwarta alhali ga ta a gabanta. Zara'u ta san dundumi in ta gan shi, ta kuma san abin da tata uwar take dafa wa mai shi.

Ranar kasuwa ta sayi busasshen kifi, ta roƙi ganyen zogale da yakuwa a maƙwabta. Ta jiƙa kifin a ruwan zafi, ta cire ƙayoyin sarai, ta soya albasa a man gyaɗa, ta sa daddawa da ɗan gishiri, ta zuba kifin, ganyen ya bi baya. Tsakanin la'asar sakaliya da magariba miya ta nuna. Biba ta yi loma uku, ta huɗu na hannunta Cha'ibu ya shigo da wani ɗan kwamisho da ya gayyato daga Mayahi.

Warin kifi ya tare shi tun daga zaure. Sai da ya zaunar da baƙon, sannan ya shigo ya ɗauke kwanon daga gaban yarinyar, ya juye wa kaji tukunyar.

Zara'u ta ce, "Maigida, idon ɗiyarka nika ma magani."

Ya amsa mata da cewa idon da shinkafa ba ta gyara ba, haki ba zai gyara shi ba, kuma ranar da ya sake jin wannan wari ta tattara kayanta. Don tsoro ba ta sake dafa shi ba. Ni dai wannan tsoro nata yana yi mini ciwo kusan kamar dokar tasa.

Wata guda bai cika ba idon Biba ya bushe, ya yi fari-fari, ta daina buɗe shi ko da rana. Cha'ibu ya sayi kwalli, ya karɓo rubutu. Sai da ta kwana biyu tana kuka sannan ya goya ta a keke zuwa likita a Tasawa.

Ma'aikacin lafiyar, wani dattijo, ya daɗe yana duba idon da fitila. Ya tambayi abin da take ci, Cha'ibu ya lissafa masa da alfahari: shinkafa, burodi, shayi da sukari.

"Ganye hwa? Kihi hwa?"

Cha'ibu ya ce gidansa ya wuce nan.

Dattijon ya ajiye fitilarsa. Ya gaya masa idon yaro da abinci yake rayuwa, musamman bayan ƙyanda, kuma da an ci gaba da ba ta ganye da mai da ɗan kifi tun ranar da ta fara lalube, an kuma kawo ta da wuri, da ba a kai nan ba. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Cha'ibu ya ce ko nawa ne zai biya.

"Malam, ba batun kuɗi ba ne. Idanun duka biyu sun tahi."

A hanyar komawa bai iya hawa keken ba, turawa ya riƙa yi. Biba na bisa ta riƙe masa riga, tana tambayarsa yaushe gari zai waye.

Jama'a, abinci mai gina jiki ba shi ne mai tsada ba. Ganye da kifi ba alamar talauci ba ne, lafiyar 'ya'yanmu ce, kuma duk wanda ya hana su don neman girma, yaron da bai san komai ba shi zai biya.