Jar Fitilar Gidan Awo

Tun da aka gina gidan awon haske a unguwarmu, da jar fitila ta kama sai ƙofofinmu su kulle kansu. Ba daka, ba guje-guje. Hasken da suke aunawa bai kai ƙiftawar ido ba, amma in ƙasa ta ɗan girgiza, sai a sake awon daga farko.

Yau da hantsi naƙuda ta kama 'yata Hansatu, ungozoma kuma tana tsallaken titi. Na ɗauko taɓarya zan fasa ƙofa.

"Inna, ajiye," in ji ta, tana cije bakin zani. "Saura awa ɗaya. In kika buga, uku za mu sake jira."

Na kwantar da taɓaryar a hankali, kada ta yi ƙara.