Yatsun Mai Kitso

"Rufe idonki, Mama," in ji likita.

Mai kitson ta rufe. An ɗora mata wata hula mai wayoyi, a gefe kuma waɗansu layuka suna ta rawa a fuskar na'ura. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a shago, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma yatsun hannun dama sun ƙi. Da su take raba gashi gida uku tana zuba hira, ko dubawa ba ta yi. Yanzu maɓallin riga ma sai an saka mata.

"Ƙwaƙwalwa tana da nata kiɗan," likitan ya gaya wa 'yarta ƙasa-ƙasa. "Da zarar an taɓa yatsa, kiɗan yakan sauya. Shi muke jira mu gani."

Ya goga wa uwar auduga a yatsun. Ya ɗora mata ƙarfe mai sanyi. Layukan suka ci gaba da rawarsu, ko a jikinsu.

'Yar ta ce, "Likita, ba ta saba da waɗannan ba ne. Tsaya ka gani."

Ta cire ɗankwali, ta durƙusa, ta kama hannun uwar ta cusa cikin gashinta, gashin da yatsun nan suke kitsawa tun kafin ta iya magana. Ta danne shi a nan, idonta a kan layukan.

Can sai uwar ta gyara zama, idonta a rufe.

"Likita, ku fara mana," ta ce. "Ni fa tun ɗazu nake jira a taɓa ni."