Gorunan Ranar Lahadi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna saurare.

Tun kafin su wuce gadar jirgin ƙasa Berend ya san yau ce fitarsa ta ƙarshe. Takardar barin ƙungiyarsu ta masu hawan keke tana aljihun rigarsa, ninki huɗu, gumi har ya fara jiƙa ta.

Su goma sha biyu ne, kamar kowace Lahadi, a jere kan hanyar keke da ta bi gaɓar kogin IJssel. Kaka ta yi nisa. Ganye ya yi ja, ya zube, ya manne a kwalta, iska kuwa tun safe take bugo su ta gaba. Shekara talatin da ɗaya ke nan da Berend ya kafa ƙungiyar, kuma da hannunsa ya rubuta dokokinta biyu: ba a barin kowa a baya, kuma duk wanda ya sa wa kekensa inji ya nemi wasu abokan tafiya. A kan doka ta biyun ya taɓa korar ƙanin matarsa. A da shi ke jan gaba. Yanzu shi ake jira.

Abin da ke cin ransa shi ne ba shi ne babba a cikinsu ba. Teun, wanda ya yi shekara arba'in yana gyaran keke kafin ya rufe shago, ya girme shi da shekara huɗu, amma ga shi can gaba ko haki ba ya yi. Dinie bara aka sa mata ƙarfe a ƙugu, tana tafe tana ba da labarin jikokinta kamar tana zaune a falo.

A wajen mashigin kwalekwale suka tsaya jiransa. Ya iso, ya ɗaga gorarsa, babu ko ɗigo. Bai taɓa shanye ruwansa kafin rabin hanya ba sai yau.

"Teun, sam mini naka."

Teun ya dafa baƙar gorar da ke maƙale a jikin kekensa. "Akwai maganin hawan jini a ciki, mutumina. Ka sha, mu ɗauke ka a kwance."

"Dinie fa?"

"Mura nake yi, Shugaba. Ka yi haƙuri, saura kaɗan mu kai gidan shan kofi na Riek."

Berend ya dubi gorunansu, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya, Teun ne ya samo musu shekara huɗu da suka wuce. Shi dai ya ƙi rabuwa da tsohuwar farar gorar da marigayiya matarsa Aaltje ta saya masa.

Saura hawan tudun da ke tare kogi. Kamar kullum, da aka zo gindin hawan sai Teun ya ɗauko waƙa, sauran suka amsa da ƙarfi. Berend ya sunkuyar da kai yana taka feda. Kunnensa na wani ƙugi kamar na ƙudan zuma. Likita ya ce masa tsufa ne. A tsakiyar hawan ya sauka ya tura keken da hannu, abin da bai taɓa yi ba.

Yana turawa yana tunanin Lahadi mai zuwa. Tun da Aaltje ta rasu, wannan fitar ce kaɗai ke raba masa mako da mako. In ya bar ta, sai kujera da taga. Ɗiyarsa ta sha ce masa ya sayi keke mai batir ya huta. Amma wanda ya kori ƙanin matarsa a kan inji, da wane ido zai hau shi? Gara ya tafi da mutuncinsa, ya daina sa mutane goma sha ɗaya tsayuwa cikin sanyi.

Da ya isa gidan shan kofi na Riek, ya tarar har sun zauna, an kawo kofi da kek ɗin tuffa. Kullum Teun ke tattara goruna ya kai ciki a cika, har da ta Berend. Yau ya makara, an riga an kai.

"Ga gwarzo ya iso," in ji Dinie. "Zauna, na ajiye maka mai kirim da yawa."

"Bari in sami ruwa tukuna. In na dawo ina da magana da ku."

Teun ya yi zumbur ya miƙe. "Kawo in kai maka."

"Ci kek ɗinka, tsoho. Kicin dai ƙafata za ta kai ni."

Ya bi ta ƙofar baya, yana maimaita a ransa yadda zai fara karanta takardar. Riek, mai gidan, tana juya miyar wake, ta ba shi baya. Ya miƙa gorar ta gefenta.

Ta karɓa ba ta duba ba, sannan ta waiwayo. Fuskarta ta washe.

"Berend, ashe kai ne. To madalla, ka huta. Na sha gaya wa Teun wannan ɓoye-ɓoyen zai kashe ka wata rana."

Ta juya gorar sama da ƙasa tana neman wani abu a gindinta. Berend ya bi hannunta da kallo zuwa kan teburin kicin. Baƙaƙen goruna goma sha ɗaya ne a jere, kowace da wayarta a soke a bango, kowace da ɗan koren haske yana ƙiftawa. Ashe batura ne ake yi wa caji.

"Au, taka ta ruwa ce har yanzu," in ji Riek a hankali. "Wato shekara huɗun nan kai kaɗai kake bin inji goma sha ɗaya da ƙafarka."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa kogi.