Wankin Kayan Suruki a Bakin Rijiya

Zauna tukuna, Haladu. Na ji ka hana iyalinka su gaya wa malaman asibiti cewa akwai mai gudawa a gidanka, wai kada a yi da kai a gari. Ba faɗa zan yi maka ba, gemunka ya wuce faɗa. Misali ɗaya zan ba ka, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

A wani ƙauye can kan duwatsu, inda sanyi kan tsattsage wa mutum ƙafa, mota kuma ba ta hawa sai ranar kasuwa, an yi wata mata da mijinta ya tafi cin rani ya bar ta da mahaifinsa. Tsohon mai kwarjini ne, shi ke raba gardama a garin. Ita kuwa ko sunansa ba ta faɗa, ko ruwa ba ta sha a gabansa. Rijiya ɗaya ce tal a ƙauyen, ba ta da zurfi, bakinta kuma ya tsage tun damina, kullum ana cewa gobe za a gyara. Ana nan sai cikin tsohon ya ɓaci. Kafin ya kai bayan gida abin ya ƙwace masa, ya ɓata wando, ya ɓata bargo. Da ta shigo masa da kunu ta ga halin da yake ciki, sai ya juya fuska bango ya ce, "'Yar nan, ki rufa min asiri, Allah ya rufa naki." Wace suruka ce za ta ji wannan ta ƙi? Ko ni ce, da na amsa masa da to.

Ga inda ɓarnar ta shigo. Ta ga in ta yi ta jidar ruwa tulu bayan tulu zuwa gida, maƙwabta za su tambaya wankin mene ne haka ba hutu. Sai ta riƙa ƙunshe kayan cikin zane, ta fita da sassafe lokacin da sanyi ya tsare kowa a bakin murhu, ta tsuguna a gindin rijiyar ta wanke, yatsunta suna sandarewa. Rana ta uku, tana zubar da ruwan wankin, ta ga ya bi ƙasa da kumfarsa ya shige tsagar nan, har ta ji ɗigarsa a ciki. Amma maimakon ta buɗe baki, sai ta daina wanki a wurin, ta koma ɗebo ruwan gidansu a wani rafi mai nisa, ta ja bakinta ta yi gum. Nan ne nake jin haushinta, Haladu, haushi sosai. Ta tsirar da randarta, ta bar mutanen gari suna cika tasu daga rijiyar.

Ba a yi kwana huɗu ba yara suka fara amai da gudawa, gida bayan gida. Da yake mai neman wanda zai ɗora wa laifi ba ya rasawa, sai aka ce kokon da wata tsohuwa ke sayarwa ne, har aka kifar mata da tukunya. Kowa kuma ya ci gaba da shan rijiyar. Aka binne yaro ɗaya. Matar nan ta je gaisuwa, ta zauna cikin mata. Ta dawo ta leƙa ɗakin tsohon, ta tarar ya fara samun sauƙi har yana neman tuwo. Ta durƙusa za ta faɗa masa, kunya ta riƙe mata harshe, ta tashi ta fita. Washegari aka binne na biyu.

Kashegarin wannan da hantsi, ta ɗauki tulu za ta rafi, sai ta hango maƙwabciyarta, wadda suke daka a turmi ɗaya, tsaye a bakin rijiyar. Maƙwabciyar ta sauko da 'yarta daga baya, idanun yarinyar duk sun faɗa, ta ɗebi ruwa daga guga a ɗan kwano tana kai mata baki. Matar nan ta saki tulun ya fashe, ta ruga ta buge kwanon.

"Ke, lafiyarki kuwa?" in ji maƙwabciyar.

"Kada ki ba ta! Ruwan nan ba shi da kyau. Ni na ɓata shi."

A gaban duk matan da ke layin ɗiba ta faɗi komai, har da wandon, har da bargon. Masu zagi suka zaga. Uwar yaron farko kuwa kallonta kawai ta yi, kuma kallon ya fi zagin ciwo. Nan take aka rufe rijiyar da ƙaya, aka koma tafasa ruwan rafi, aka tura mai babur ya ɗauko malamin asibiti. Yarinyar ta tsira da ƙyar.

Da labari ya kai wa tsohon, ya dogara sanda ya fito da kansa, ya tsaya a ƙofar gidan da aka yi rashi na biyu, maza suna zaune. Ya ce, "Ku bar 'yar nan, ni na roƙe ta. Wallahi da na san wandona zai ci 'ya'yan mutane, da a tsakiyar kasuwa na shanya shi."

Asirin dai ya tonu, kowa ya ji, har waɗanda da can ba za su taɓa tambaya ba. Abin da shirun ya ƙara kawai shi ne ƙananan kaburbura biyu a bayan gari. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.