Na Ce Na Yafe

Ƙarfe ukun dare wayata ke tashe ni. Uwar mijina ta ɗauka nafila nake yi wa ɗanta. Ina! Ɗan zama nake yi in koma barci, don in shiga mafarki ina sane cewa mafarki ne.

"Juya" mijin nawa ya kira ni gaban ƙannensa don ban haihu ba, ya hau babur zuwa Kiyawa, aka dawo da gawarsa. Da aka ce in yafe masa, ido ya yi yawa, na ce na yafe.

Jiya na ritsa shi a mafarkin. Na sa shi ya durƙusa.

Ya ce, "Ki yi haƙuri."

Har na fara hucewa, sai na gane muryar. Tawa ce. Ko a can ma bai ba ni haƙuri ba.