Nauyin Inna Turai

"Sauka, Inna Turai!" in ji Ɗanmalam direba. "Duk ranar da kika zauna gaba sai allurar sabon agogon zafin injina ta haye ja. Wallahi da aljanu kike yawo!"

Ta sauka a tashar Kontagora da kwandon daddawarta, tana ja masa Allah ya isa. Nan take allura ta kwanta.

Bai kai Rijau ba injin ya ƙone ƙurmus.

Andarawus makaniki ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya fashe da dariya. "A ƙarfen kujera ka ɗaura wayar at ɗin agogon, kuma sako-sako, alhali in wayar nan ba ta taɓa ƙarfe ba, agogon ba ya aiki. Sai mai nauyi ya danne kujerar take taɓawa. Malam, duk motar nan ɗuwawun Inna ne kaɗai ke gaya maka gaskiya."